Mako Na Casa'in Da Tara

Ranar Laraba na tabbatar Mai Taurin Kai ta mutu. Na kankare ɓawon gindinta da farce ina neman kore, kamar yadda nake koya wa sababbin shiga, sai na tarar ciki ya bushe ƙayau. Na ƙara kankarewa sama kaɗan, duk ɗaya. Na tsaya a barandar nan tamu da ba ta fi faɗin tabarma ba, da jakar aiki a kafaɗa, na rasa abin da ke mini daɗi.

Mai Taurin Kai bishiyar rumman ce, in dai za a kira abin da bai wuce ƙuguna ba bishiya. A bokitin fenti na raine ta. Ta ci sunanta ne don duk yadda na juya bokitin sai ta karkata hagu, ko da ranar a dama take. Mutum dubu huɗu da 'yan kai sun san wannan hali nata, domin kowace Asabar ina ba su labarinta a Dandalin Baranda.

Dandalin nan na intanet ne, na irinmu da ba mu da gona ba mu da tsakar gida, sai baranda ko bakin taga. Kowa da shafinsa a ciki, yana rubuta abin da shukarsa ta yi a mako. Dokokin ba su da yawa, amma Tsohon Hedimasta da ya kafa wurin ba ya wasa da su. Kowace Asabar kafin sha biyun rana ka sa hoto, da cokali a soke a ƙasa kusa da gindin shukar, cokali ɗaya ba a sauyawa, don a ga yadda take tsawo. In ka cika mako hamsin, sai ka yanki reshe ka aika wa wanda ba shi da komai, daga cikin jerin 'yan sifili. In ka cika ɗari a jere da shuka guda, a sa maka cokalin zinare kusa da sunanka, ka shiga sahun Manya, masu amsa tambayoyin jama'a. In kuwa shukar ta mutu, lissafinka ya koma sifili, ko kai wane ne. Manya goma sha tara ne kaf. Ni ce zan cike ta ashirin, saura Asabar biyu.

Wanda bai sani ba zai ce mace mai jikoki ta rasa abin yi. To, shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗakin kati na wani asibitin ido. Hannaye kawai nake gani ta 'yar taga. Yawancin masu zuwa ba sa gani sosai, masu ganin kuma ba sa kallo. A gida ina tare da ɗana da matarsa, ba su rage ni da komai ba, amma hirarmu ba ta wuce "Mama, kin ci abinci?" da "Mama, kin sha magani?" ba. A Dandali kuwa ni ce Uwar Rumman. In na yi tari a rubuce, sai mutum talatin sun ce mini sannu. Akwai wani rubutu nawa da Hedimasta ya kafe a bakin shiga, duk sabon zuwa sai ya karanta shi: "Duba ƙasan tukunya kafin ka duba samanta."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mako uku da suka wuce na ga wata tukunya shuɗiya mai sheƙi a wani kanti, na ce a raina bokitin fenti bai dace da hoton mako na ɗari ba. Na kife ta na duba, ba ramin fitar ruwa. Na gani da idona. Mai kantin ya ce in aka huda za ta tsage. Sai na ce ai ni ce, na san awon ruwa, in zuba tsakuwa a ƙasa, mako biyar ne kawai. Ana haka aka yi ruwan sama kwana biyu, irin mai shigowa baranda a karkace, ina can ina miƙa kati. Ganye ya fara yin rawaya yana zuba. Hoton mako na casa'in da takwas daga gefe na ɗauke shi, na rubuta wai tana sauya riga. Da na ciro ta daga tukunyar, saiwoyin sun yi baƙi, suna wari.

Ranar Alhamis ban iya zama ba. Na tashi na gyara kantar katuna da ba ta buƙatar gyara, na dawo na zauna, na sake tashi. Na ba wani tsoho katin wata mata, sai da likita ya aiko aka tambaye ni ko lafiya. Waya kuwa ba ta bar ni na huta ba. "Saura biyu, Uwar Rumman." "Mun fara wanke cokalin." Wata 'yar makaranta mai shuka na'a-na'a a gwangwani ta rubuta cewa ni ce ta sa ba ta karaya ba. Na kife wayar a cikin aljihun tebur, bayan minti biyar na sake ciro ta.

Juma'a da na tashi aiki ban nufi gida ba. Ƙafafuna suka kai ni wurin mai sayar da tsirrai da ke ƙarƙashin gada, inda motoci ke wucewa ta saman kai kamar za su faɗo. Na yi ta zagaya layin rumman sau uku.

"Hajiya, mai 'ya'ya kike so ko ta ado?" in ji shi.

"Mai tsawon nan nake so." Na nuna ƙuguna. "Mai rassa uku. Wadda ta ɗan karkata."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kowa miƙaƙƙiya yake nema, ke karkatacciya."

"Kai dai ka duba mini."

"Ko ta wani ce ta mutu a hannunki?" ya ce yana dariya. "Kada ki damu, kullum ana yi. Jiya ma wani ya zo da hoton furen matarsa."

Ban yi dariya ba. Na ɗauki wadda ta fi kama, na rungumo ta a motar haya, ƙaya na sukar haɓata har gida.

Da safiyar Asabar na dasa ta a shuɗiyar tukunyar nan, na kishingiɗar da ita hagu, na danne gindin da tsakuwa. Na tsinke ganyen da ya yi yawa don ta yi kama da mai farfaɗowa. Matacciyar kuwa na nannaɗe ta a buhu na tura bayan injin wanki. Ina cikin soke cokali sai ga surukata da kwandon shanya. Ta tsaya ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"Mama, wannan ai ba ita ba ce."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta fara shanya rigunan mijinta. Sai da ta gama ta ce, "Ni dai ban ga komai ba." Ta koma ciki.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na sa hoton. Na rubuta layi biyu kawai, ni da nake cika shafi. Kafin azahar an yi sharhi ya fi ɗari biyu. Wai ta murmure, wai hannuna akwai albarka, wai tukunyar ta yi kyau. Hedimasta da kansa ya rubuta, "Saura ɗaya." Na karanta su duka, ina jiran wanda zai gane, ba wanda ya gane. Na zaci zan ji sanyi a raina. Abin da na ji haushi ne. Mako casa'in da takwas suna yabon Mai Taurin Kai, ashe ko sanda na soka musu da ganye za su ce ta yi ƙiba.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo ta akwatin sirri, daga wani mai suna Mai Gadi. Sai da na yi tunani kafin na tuna shi. Lokacin da na cika hamsin, sunansa ne na farko a jerin 'yan sifili, na zaɓe shi don kada in ɓata lokaci, na aika masa reshe a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Tun daga nan ban sake bi ta kansa ba.

"Ina kwana, Uwar Rumman," in ji saƙon. "Ni ne wanda kika aiko wa reshe. Kowace Asabar nakan buɗe hotonki in duba wurin da kika yanko mini, daidai kan cokali. Jiya ban ga tabon ba. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Ina so in ji ne kawai, me ya same ta?"

Raina ya ɓaci. Ji mini mutum. Wa ya aike shi leƙen gindin bishiyar mutane? Na rubuta masa cewa sabon ganye ne ya rufe wurin, na goge. Na rubuta cewa tabo ai yakan warke, na goge. Na rubuta "Wa'alaikumus salam" duk da bai yi sallama ba, shi ma na goge. A ƙarshe ban ba shi amsa ba.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Abinci ba ya shiga. A mota in na zauna sai in ji kamar in sauka, in na sauka sai in ga tafiyar ta yi nisa. A wurin aiki duk hannun da ya shigo ta taga sai in ga kamar na Mai Gadi ne, alhali ko fuskarsa ban sani ba, ban ma san garin da yake ba sai a jikin adireshi. Na buɗe tsofaffin hotunana ɗaya bayan ɗaya ina ƙara musu girma da yatsa. Ga tabon nan kuwa, ɗan zagaye kamar ƙwayar wake, daidai kan cokali, a kowane hoto tun daga mako na hamsin. Ni da nake ba ta ruwa kullum na daina ganinsa tuntuni.

Ranar Laraba da yamma na ɗauki reza na fita baranda. Na auna daidai kan cokali, na yanke wani ɗan reshe na baƙuwar bishiyar. Wurin ya fito fari tas, yana ruwa. Na shafa masa ƙasa, bai yi ba. Na shiga kicin na ɗebo ganyen shayi da aka dafa na goga, ya yi duhu kaɗan, amma ko makaho ya san sabon yanka ne. Ina tsugune da reza a hannu ɗaya, ganyen shayi a ɗayan, sai na ji motsi. Surukata ce a bakin ƙofa.

"Mama," ta ce a hankali, "wai me za su ba ki ne in kin cika ɗarin?"

"Cokali."

"Na zinare na gaske?"

"Hoto ne. Ɗan ƙarami, kusa da suna."

Na jira ta yi dariya, don da ni ce da na yi. Ba ta yi ba. Ta zo ta karɓi rezar daga hannuna ta nannaɗe a takardarta.

"Kwana uku ke nan ba ki taɓa abincinki ba," ta ce. "Ɗanki ya zaci ni na yi miki wani abu."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce mata ba ita ba ce, ta ce ta sani.

Alhamis, lokacin hutun rana, na kulle 'yar tagar kati na buɗe shafin Mai Gadi. Niyyata in ga ko wane irin mutum ne, ko mai tonon asiri ne. Gadin wani sito yake yi. Hotunansa duk dishi-dishi, wayarsa ba ta kirki ba ce. Bishiyar tana cikin tsohon galan da aka yanke, a bakin tagar ɗakin gadi, bayanta ƙofar ƙarfe da rabin tayar babbar mota. Cokalinsa na roba ne. Ya sa mata suna 'Yar Gidan Taurin Kai, kuma wallahi ta karkata hagu.

Na fara daga mako na ɗaya. Rubutunsa gajere ne, ba ado. "Yau ta fitar da ganye biyu." "Direbobi suna zuba mata ragowar shayi, na hana." "An canza mini aiki zuwa ƙofar baya, na tafi da ita." A ƙarƙashin kowanne ana nuna yawan sharhi: babu, babu, ɗaya, babu. A mako na bakwai ya kira sunana, ya tambaya ko ganyen da ke nannaɗewa cuta ce. Ba amsa. A mako na takwas ya rubuta, "Uwar Rumman tana da jama'a da yawa, in ta samu sarari za ta zo. Na duba tsohon rubutunta na gane ƙwari ne, na wanke da ruwan sabulu." Daga nan bai sake tambayar kowa komai ba. Mako arba'in da tara, bai tsallake Asabar ko ɗaya ba.

Na ƙarshen shi ne ya tsayar da ni. "Asabar mai zuwa zan cika hamsin, in Allah ya kai mu. Akwai reshe mai kyau da na ware. Na duba jerin 'yan sifili, ban san kowa a ciki ba."

Ana ta ƙwanƙwasa taga, hutun ya ƙare tuntuni, ni kuwa ina zaune da waya a cinya. Mai Taurin Kai ba ta ƙare ba ashe, tana can a galan a bakin sito. Kuma doka a fili take, reshen hamsin ba ya zuwa sai ga wanda ke sifili. In na karɓi cokalin zinare, reshen nan zai tafi gidan wani, ni kuma in zauna da baƙuwa mai tabon ganyen shayi, ina ba mutane shawara a kan tukunya. Ba zan ce nan take na yanke shawara ba, ƙarya ne. Ina son cokalin nan. Shekara biyu ina hango shi. Juma'a sau biyu ina rubuta jawabin godiya na mako na ɗari, har da sunayen waɗanda zan gode wa.

Da safiyar Asabar na jawo buhun daga bayan injin wanki. Na fito da ita, ta zama ƙirare, saiwoyin sun bushe sun cukurkuɗe. Na jingina ta da bango, na ajiye cokalin a gefenta yadda tabon zai fito, na kife shuɗiyar tukunyar kusa da ita don kowa ya ga ƙasanta. Surukata ce ta riƙe mini wayar ta ɗauki hoton. Na rubuta abin da ya faru tun daga kanti har zuwa reza, ban rage komai ba. Ƙarfe sha biyu saura minti goma na tura, na miƙa mata wayar na ce ta ɓoye mini ita sai la'asar.

Da na karɓa, Dandali ya kama da wuta. Wasu sun ce na burge su. Wasu sun ce dama sun ga alama, alhali ga sharhinsu na makon jiya yana nan suna cewa ta murmure. Ɗaya daga cikin Manya ya ce irin wannan ne ke zubar da mutuncin cokali, ya kamata a kore ni. 'Yar makarantar nan mai na'a-na'a kuwa ta cire sunana daga jerin waɗanda take bi, wannan kuwa ya fi zagin zafi. Hedimasta ya yi layi ɗaya: "An mayar da lissafin Uwar Rumman sifili, bisa doka." Ya kuma sauke rubutuna daga bakin shiga. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Mai Gadi bai yi sharhi ba. Saƙo ya aiko: "Adireshin da ke jikin kwalin da kika aiko mini, har yanzu nan kike?"

Na ce nan nake. Na kuma ce masa ganyen da ke nannaɗewa ƙwari ne, ya yi daidai da ya wanke, ya yafe mini jinkirin mako arba'in da uku. Ya turo hoton dariya.

Kwana huɗu ina leƙen matakala. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙasa sai na fito baranda. Ranar Alhamis ɗan aike ya kawo wani ɗan kwali, kwalin da na aika ne da kansa, an juya shi an manne da salatif. A ciki ga reshe bai fi tsawon fensir ba, a nannaɗe cikin jiƙaƙƙiyar safa. Na jawo tsohon bokitin fenti, na kife shi, na duba ramukan ɗaya bayan ɗaya, na ƙara biyu da ƙusa. Baƙuwar bishiyar kuwa surukata ta ce a bar mata, ɗana ya sauya mata mazubi.

Ranar Asabar na soke cokali, ya fi reshen tsawo. Na sa hoton a ƙarƙashin "Mako na ɗaya". Sharhi shida aka yi. Na farkon wata sabuwa ce a Dandali da ba ta san ni ba, ta ce, "Barka da farawa, Mama. Ki tabbata akwai rami a ƙasan bokitin." Na ce mata na gode, akwai.

Daga nan na wuce shafin Mai Gadi. Ya riga ya sa nasa tun da safe, dishi-dishi kamar kullum, ga galan, ga tayar mota, ba sharhi ko ɗaya. Na sa yatsa biyu na ƙara wa hoton girma, na bi gindin a hankali har daidai kan cokalin roba. Tabon yana nan, fari, bai gama bushewa ba.